Fatar da Aka Ɓoye: Auren Mutum da Dabba a Tatsuniyoyin Duniya

Da wuya a sami al'ummar da ba ta da tatsuniyar auren mutum da dabba. Rumawa sun ba da ita, mutanen Sin da na Japan suna da tasu, masuntan tsibiran arewacin Turai suna da tasu, Larabawa sun saka ta cikin Dare Dubu da Ɗaya, mu ma a Afirka ta Yamma ba a bar mu a baya ba. Yawanta ne ya sa masana suka ware mata lambobi a babban kundin da ake rarraba tatsuniyoyi da shi, wanda Antti Aarne na ƙasar Finland ya fara a 1910, Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa, sannan Hans-Jörg Uther na Jamus ya sake wa fasali a 2004. A cikin kundin, lamba 425 ta matar da ta bazama neman mijinta ce, wanda galibi dabba ne ko dodo, lamba 400 ta mijin da ke neman matarsa, 402 kuma ta amaryar da take dabba. A 2016 wasu masu bincike biyu, Sara Graça da Silva da Jamshid Tehrani, sun bi salsalar tatsuniyoyin al'ummun Turai da Indiya, suka kiyasta cewa labarin kyakkyawar yarinya da dodo ya kai kimanin shekara 4,000 ana ba da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙarshen labarin yake dogara ga wanda ke sanye da fatar dabbar. Idan miji ne, matar ce za ta sha wuya, ta yi haƙuri, ta yi tafiya mai nisa, daga baya ya koma mutum a zauna lafiya. Idan kuwa matar ce dabbar, sau da yawa da sata ake ƙulla auren, kuma da rabuwa yake ƙarewa. Ina ganin wannan bambanci yana faɗin abu mai yawa game da yadda kakannin mutane suka ɗauki zaman aure.

Ɗaya daga cikin mafi tsufan abin da aka rubuta a kashin farko daga Afirka ta Arewa marubucinsa ya fito. Apuleius, haifaffen garin Madauros da ke cikin Aljeriya ta yau, shi ya rubuta labarin Psyche da harshen Latin a ƙarni na 2 Miladiyya. Psyche 'yar autar sarki ce, kuma da mahaifinta ya je duba a kan aurenta, sai aka ce masa ya kai ta kan dutse cikin shigar makoki, domin mijinta muguwar halitta ce mai fiffike. Iska ta ɗauke ta ta sauke ta a wata fada, inda miji yake zuwa cikin duhu ya tafi kafin asuba, tare da gargaɗin kada ta nemi ganin fuskarsa. Yayyenta biyu da hassada ta cinye suka ce mata ƙaton maciji ne, kuma zai haɗiye ta da cikin da take ɗauke da shi. Ta tanadi fitilar mai da aska mai kaifi, ta jira ya yi barci, ta haska, sai ta ga Cupid, wanda Rumawa suke ɗauka abin bautarsu na soyayya. Ɗigon mai mai zafi ya faɗa masa a kafaɗa, ya farka ya tashi sama ya bar ta. Daga nan ta faɗa hannun uwar mijinta, Venus, wadda ta zube mata tsibin alkama da sha'ir da gero da wake a gauraye ta ce ta ware su kafin dare, kuma ba don tururuwa sun taimake ta ba da ba ta gama ba. Aikin ƙarshe har ƙasar matattu ya kai ta kafin a mayar mata da mijinta.

Irin wannan ɗigo ya sake ɓullowa a ƙasar Norway, a cikin tatsuniyoyin da Asbjørnsen da Moe suka tattara a shekarun 1840. Wani manomi ne mai tarin 'ya'ya da talauci ya yi wa katutu. Wata ranar Alhamis da dare, ana iska da ruwa, sai farar beyar, ƙatuwar dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, ta ƙwanƙwasa taga ta ce idan ya ba ta 'yar autarsa za ta mayar da shi attajiri. Yarinyar ta ce ba ta so. Uban bai daina lallashinta da lissafin dukiyar da za su samu ba sai da ta amince ta hau bayan dabbar. A can ma miji cikin duhu yake zuwa, a siffar mutum, kuma mahaifiyarta ce ta ba ta shawarar kunna kyandir. Ɗigo uku na kitsen kyandir suka zuba a rigarsa, ya farka ya ce da ta daure shekara ɗaya da sihirin da kishiyar uwarsa ta yi masa ya karye. Sai da ta bi iskar gabas da ta yamma da ta kudu, har iskar arewa ta goye ta zuwa inda aka tsare shi, kuma ta ƙwato shi ne da wanke rigar nan da babu wadda ta iya wankewa sai ita.

Wanda duniya ta fi sani shi ne na Faransa, wato labarin kyakkyawar yarinya da dodo. Gabrielle-Suzanne de Villeneuve ta wallafa doguwar sigarsa a 1740, sannan Jeanne-Marie Leprince de Beaumont ta taƙaita shi a 1756, lokacin da take koyar da 'ya'yan masu hali a Landan, ta saka shi cikin littafin tarbiyyar yara mata. Wani ɗan kasuwa da jiragensa suka salwanta ya tsinki furen wardi a lambun dodo domin ya kai wa 'yar autarsa tsaraba, dodon ya ce ko dai ransa, ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ta zo a madadinsa. Ta je. Kullum da dare dodon yakan tambaye ta ko za ta aure shi, ita kuma ta ce a'a, bai kuwa taɓa tilasta mata ba, har ranar da ta dawo daga ganin gida ta tarar da shi yana gab da mutuwa, ta gane tana sonsa, ya rikiɗa ya zama ɗan sarki.

A duk ukun nan uba ne ya miƙa 'yarsa, ko don tsoro, ko don talauci, ko don ceton kansa. 'Yan matan da aka riƙa ba wa waɗannan labarai sun san cewa wata rana za a kai su gidan mutumin da ba su sani ba, mai yiwuwa wanda ya girme su nesa ba kusa ba, a garin da ba su da kowa. Na yarda akwai tausayi a cikin tatsuniyar, domin ta amsa cewa tsoron amarya gaskiya ne, ta ba shi siffar dodo, sannan ta ce mata wataƙila akwai mutumin kirki a ƙarƙashin fatar. Amma akwai inda take damuna. Duk nauyin gyara a wuyan yarinyar aka rataya shi: ita za ta yi shiru, ita ake hukuntawa don ta so ganin fuskar wanda take kwana da shi ɗaki ɗaya, ita za ta bi duniya nemansa. Alkawarin cewa haƙuri yana mayar da dodo ɗan sarki alkawari ne mai haɗari idan aka fitar da shi daga tatsuniya aka ɗora wa macen da take zaune da mai dukanta.

A Afirka ta Yamma an juya labarin ne gaba ɗaya. Akwai tatsuniyar yarinyar da ta ƙi duk samarin garinsu, ta ce ita ba za ta auri mai tabo a jiki ba ko da ƙanƙane ne. Maciji ya ji labari, a bakin wasu kura ce ko aljani, sai ya rikiɗa ya zama saurayi sumul, ya ari riga da doki, ya shigo gari ranar kasuwa. Iyaye suka ce ba a san asalinsa ba, ta kafe. Bayan ɗaurin aure aka kama hanya, yana tafe yana mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, gari na nisa daji na ƙara duhu, har suka isa bakin rami. Yawanci ƙanwarta ko ƙanenta da ta kora ya ƙi komawa shi ne yake cetonta. Veronika Görög-Karady da Christiane Seydou sun fitar da littafi sukutum a Faransa a 2001 a kan sigogin wannan tatsuniya a sassan Afirka, kuma ita ce Amos Tutuola ya ɗauko daga bakin Yarabawa ya saka a littafinsa na 1952, inda angon yake mayar da gaɓoɓin jikin da ya aro har ya rage daga shi sai ƙoƙon kai.

Sharaɗin rashin tabon nan yana da ma'ana a wurin da tsagar fuska take nuna dangi da gari. Namijin da ba shi da zane, ba shi da tabon fartanya ko na ƙaya, mutum ne da babu wanda zai ce ga gidansu, ga gonarsu. Saboda haka tatsuniyar Turawa tana cewa mummunan da uba ya zaɓa yana iya zama ɗan sarki, tamu kuma tana cewa kyakkyawan da yarinya ta zaɓa da kanta yana iya zama maciji, wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba. Hanyoyin sun bambanta, amma a ƙofa ɗaya suka sauka, wato ta bin zaɓin iyaye. Duk da haka tamu tana da abin da nake girmamawa, shi ne nacewa a kan bincike kafin a ba da aure, da kuma cewa dangin yarinya ba su saki hannunta ba bayan an kai ta.

Kashi na biyu shi ne ya fi taɓa zuciyata. A tsibiran Orkney da Shetland da Faro da kuma Iceland ana ba da labarin wata dabbar teku mai santsin fata, wadda ta ɗan yi kama da ayun da masuntanmu suka sani, ana cewa takan fito gaɓa ta tuɓe fatarta ta zama mutum. A sigar da Jón Árnason ya tattara a Iceland a shekarun 1860, wani mutum ya wuce bakin wani kogo da sassafe ya ji ana raye-raye a ciki, ya ga fatu jibge a waje, ya ɗauki ɗaya ya kai gida ya kulle a akwati. Da ya dawo sai ya tarar da wata budurwa tsirara tana kuka, 'yan uwanta duk sun koma ruwa. Ya ba ta sutura, ya lallashe ta, ya kai ta gida, ya aure ta, suka haifi 'ya'ya. Tatsuniyar ta ce sun zauna lafiya, sai dai takan zauna ita kaɗai tana kallon teku. Makullin akwatin kullum yana jikinsa, har ranar da ya manta da shi a aljihun wata riga ya fita. Ta buɗe, ta ga fatarta, ta kasa daurewa. Kafin ta faɗa ruwa ta ce ta rasa yadda za ta yi, tana da 'ya'ya bakwai a teku da bakwai a tudu. Bayan haka mijin ya riƙa samun sa'ar kamun kifi, yana ganin dabbar tana kewaya jirginsa kamar mai zubar da hawaye, kuma idan yaran suna wasa a bakin gaɓa takan jefo musu kifaye da bawon kifi masu launi, amma ba ta sake fitowa ba. A ƙauyen Mikladalur na tsibiran Faro an kafa mata mutum-mutumi a bakin teku a 2014.

Maganar 'ya'ya bakwai a teku ita ce ta tona komai. Ashe tana da gida da iyali kafin ya gan ta, kuma a duk shekarun zamansu bai tambaya ba. Mutumin ba azzalumi ba ne a mu'amala, ya ciyar ya tufatar, amma ya yi kamar mai kiwon tantabara da ya fige wa sabuwar tsuntsuwa fiffike sannan yake cewa ta saba da gida.

Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya sun san irin wannan a hikayar Hasan mutumin Basra, maƙerin zinariya, wanda ya leƙa ta ƙofar da aka hana shi buɗewa ya ga tsuntsaye goma sun sauka a bakin tafki sun tuɓe rigunan gashinsu sun zama 'yan mata. Ya sace rigar wadda ta fi kyau, ya aure ta, ya kai ta Bagadaza, ta haifa masa maza biyu, Nasir da Mansur. Da zai yi tafiya ya nuna wa mahaifiyarsa inda ya binne rigar, bai san matar tana ji ba. Ta nemi a kai ta gidan wanka, labarin kyanta ya kai kunnen Zubaida matar Haruna Rashid, aka kira ta fada, ta yi dabara har Zubaida ta sa aka ƙwato rigar daga hannun tsohuwar. Tana sakawa ta rungumi 'ya'yanta ta tashi sama, ta bar saƙo cewa idan kewarta ta dame shi ya same ta a tsibiran Waƙ Waƙ. A nan an dawo da aure, amma sai da Hasan ya ƙetare ƙasashen aljannu da namun daji, ya kusa rasa ransa, ita ma ta sha azaba a hannun 'yar uwarta, sannan ta biyo shi da yardarta. Sai a wannan karo na biyu ne aka ji ta bakinta.

Yarabawa suna da tasu a kan Oya, ɗaya daga cikin ababen bautarsu na gargajiya. Wani maharbi, wasu suna cewa Ogun ne, wanda shi ma abin bautarsu ne, ya ga ɓauna ta tuɓe fatarta ta ɓoye a shuri ta zama mace ta nufi kasuwa. Ya ɗauke fatar, ita kuma ta yarda ta aure shi bisa sharaɗin ba zai taɓa faɗin asalinta ba. Ta haifi 'ya'ya tara. Kishiyoyinta suka ɗirka wa mijin bammi har bakinsa ya suɓuce, suka fara yi mata habaici cewa ta ci ta sha, fatarta na nan a rataye. Ta nemo fatar, ta koma ɓauna, ta hallaka su, ta ɓalle ƙahonninta ta bar wa 'ya'yanta ta ce su buga su idan suna cikin buƙata. Abin mamaki, a Faransa ma gori ne ya kashe auren Melusine, wadda Jean d'Arras ya rubuta labarinta wajajen 1393. Ta sharɗanta wa mijinta Raymondin kada ya gan ta ranar Asabar. Ya leƙa ya ga daga ƙugu zuwa ƙasa macijiya ce, ya yi shiru, ita ma ta kau da kai, zama ya ci gaba. Sai ranar da ɗansu ya ƙona gidan ibada da ɗan uwansa a ciki, fushi ya ɗebi Raymondin ya kira ta macijiya a gaban jama'a, a ranar ta fice ta taga, ko da yake takan dawo cikin dare ta shayar da ƙananan 'ya'yanta. A duka biyun an daɗe ana zaune da sanin asalin matar, kuma abin da ya raba shi ne mayar da asirinta abin zagi. Duk macen da aka taɓa yi wa gorin gidan da ta fito za ta gane wannan ba tare da an fassara mata ba.

Ta Japan babu sata a cikinta, kuma ita ce mafi ban tausayi a wurina. Wani talaka ya ceci wata tsuntsuwa dangin gauraka da ta ji rauni. Cikin wani dare mai dusar ƙanƙara wata mace ta zo neman masauki, ta zauna ta zama matarsa. Ta ce zai ga abin arziki idan ya bar ta ta shiga ɗakin masaƙa ta rufe, da sharaɗin kada ya leƙa. Ta fito da zane da ba a taɓa ganin irinsa ba, ya sayar da tsada, ya nemi ƙari, tana saƙa tana ramewa shi bai lura ba. Ranar da ya leƙa sai ya ga tsuntsuwa tana fizgar gashin jikinta tana cusawa cikin zare, jikinta duk ya kwaile. Ta miƙa masa zanen ƙarshe ta tashi. Ana yawan cewa leƙen ne laifinsa, ni kuwa ina ganin laifin ya riga leƙen, tun ranar da ya karɓi kuɗi bai tambayi daga ina ramar take ba. Rashawa kuma suna da Ivan, ɗan sarkin da kibiyarsa ta faɗa fadama ya auri kwaɗo, ya ƙona fatar matarsa don gaggawar mayar da ita mutum, alhali kwana kaɗan ne suka rage sihirin ya warware da kansa.

Masu sauraro ma suna sauya hukuncinsu, kuma labarin farar macijiya na ƙasar Sin ya nuna haka ƙarara. A sigar da Feng Menglong ya wallafa a 1624, macijiyar da ta rikiɗa ta auri Xu a birnin Hangzhou haɗari ce ga mijinta, malamin addinin Buddha mai suna Fahai kuma shi ne ya cece shi, ya danne ta a ƙarƙashin hasumiyar Leifeng da ke bakin Tafkin Yamma. Amma masu kallon wasannin dandamali ba su gamsu ba, domin abin da suka gani shi ne mace mai son mijinta. Zuwa ƙarni na 18 labarin ya canza: ta sha wata giya ranar biki siffarta ta bayyana, mijin ya faɗi matacce don firgita, ita kuma da tsohon ciki ta tafi wani dutse mai tsaro ta sato ganyen da ya farfaɗo da shi. Aka ƙara mata ɗa wanda ya girma ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga aikin sarki, ya je gindin hasumiyar ya gaida mahaifiyarsa, aka sake ta. Malamin da a da ake yabo ya koma mai raba aure. Hasumiyar kuwa ta gaske ce, kuma ta rushe a watan Satumba na 1924 bayan mutane sun daɗe suna zare tubalinta don neman sa'a. Marubuci Lu Xun ya yi rubutu a wannan shekara yana cewa tun yana yaro da kakarsa ta ba shi labarin yake fatan ta faɗi, kuma a ganinsa malamin shisshigi ya yi a auren da mata da miji suka yarda da shi. An sake gina hasumiyar a 2002, kuma a wasannin da ake yi yau macijiyar ce tauraruwa.